Tafin Shuni a Bangon Zaure

"Baƙi da fari, ko a sa masa launi?" in ji mai hoton da na ɗauko daga Sabon Gari.

Na ce launi, ko nawa ne. Na yi fatauci har Kumasi, ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba, kuma na san abin da nake saye. Mahaifina marini ne. Shekara arba'in, in ya dawo daga karofi, wuri ɗaya yake dafawa a bakin zaurenmu na Bebeji, har tafinsa ya zauna a bangon, shuɗi. Abin da ya rage mini nasa ke nan.

Aka ɗauki hoton bangon. Dama zauren ya tsage, sai na sa aka rushe shi kafin damina.

Bayan wata guda na je karɓa. Ashe da hannu mai hoton yake shafa launin. Ga zaure jawur, sumul.

"Ina hannun?"

"Wannan dattin? Ai tun a gilashin da ake fitar da hoton daga jikinsa na kankare shi, maigida." Ya yi murmushi. "Kyauta na yi maka."