Gonar Kan Burtali

Mushe Munkaila ya buga teburin majalisa har kofin shayinsa ya kife. Tun farkon damina majalisar ƙaramar hukumarsu, can wajen Malbaza, ta yi doka: duk gonar da ta ci burtalin shanu a tuge ta. Magajin gari Almoustapha kuwa ya ƙi motsi. Wai a bari sai bayan girbi.

Tsohon malamin tarihi ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, laƙabin malaman boko a can, kuma wallahi barin lakwal, wato makaranta, bai raba shi da karantarwa ba. Daga gidansa na Konni yake zuwa zama, ana tashi ya juya, ko ƙauyensu ba ya leƙawa. Ranar sai ya ɗauko musu ƙasar Sin: yadda a ƙarshen mulkin sarakunanta majalisa ta yi ta ja da fadawa, su kuma suna danne maganarta, har daular ta rushe da su duka.

"Mu ke doka, kai ka aikata! Ko wani naka kake karewa?"

Almoustapha ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Mushe, gona ɗai ta rage, ƴar ƙarama. Tafi ka gani tukuna."

Ina! Mushe ya tara hannuwan ƴan majalisa, aka ce wa magajin gari ko doka ko tsigewa.

Washegari da hantsi Mushe da magajin gari suka isa wata tunga da jandarma biyu. Gero ya fitar da kai, gwanin kyau. Samari suka shiga tugewa suna jifa gefe. Mutanen tungar suka yi cirko-cirko, ba mai kallon magajin gari, shi Mushe suke kallo. Ya gyara tsayuwa, a zatonsa girma ne.

Mai gonar tsohuwa ce. Tana ganinsu ta ja mayafi, ta juya baya ta zauna. Wani ya ce dangi suka kawo ta nan, ɗanta babban mutum ne a birni, ya manta da ita.

Mushe ya ɗaga murya: "Tir da ɗa irin wannan! Inna, faɗi sunanshi duniya ta ji!"

Ko uffan. Ya sake tambaya, har da tsawa. Ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska. Kan gero na ƙarshe ya faɗi.

Almoustapha ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ƙaƙa za ta kira sunan, Mushe? Kai ne ɗan farinta."