Gumaguman da Ba a Ƙone Ba

Jami'in gandun daji ya ɓamɓare ɓawon gungumen, tsutsotsi suka zubo masa a takalmi. A bayansa, rabin itatuwan da tsoho mai gonar ya dasa da hannunsa sun bushe a tsaye, tsutsar ta kama su.

"Baba, wannan jan fentin namu ne. Itace mai ciwo muke shafa wa, a sare a ƙone. Wa ya kawo maka?"

Mai gadin gandun yana gefe. Shi aka sa ya ƙone gumaguman. Da ya ga asara ce, sai ya loda a amalanke ya kawo wa surukinsa, wato tsohon nan, wai kyauta daga ofis. In gaskiya ta fito, aiki ya tafi.

Tsoho bai ko kalle shi ba.

"Ni na ɗebo, ranka ya daɗe. Na ga ba kowa."

"Kai? Da furfurarka?"

Maƙwabtan da suka taru suka sunkuyar da kai.

Da aka watse, mai gadi ya durƙusa. "Baba..."

"Tashi, kada su gane. Ni dai daga yau sunana ɓarawon itace. Kai kuwa jikokina na jiran abinci. Tafi aikinka."