Wanda Ya Kai Ƙara

"Fito da abin da ke cikin safarki," in ji Farfesa.

Kowa a ɗakin jarrabawar ya waiwayo. Wata ɗalibar likitanci, 'yar aji biyar, ta sunkuya ta zaro 'yar takardar da ta cika da sunayen magunguna. Farfesa bai binciki kowa ba, kanta ya yo kai tsaye. Ke nan wani ne ya tona mata asiri.

Kwana uku tana farautar munafukin. Ta tare ƙawarta a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, ta yi mata wankin babban bargo har masu shaguna suka leƙo.

"Hassada ce ke cin ki! Allah ya isa tsakanina da ke!"

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa ta shiga tana huci. "Ba mai hukunta ni sai na ga wanda ya kai ƙarata. In ya isa, ya faɗa a gabana."

Farfesa ya watsa mata harara, ya sa aka buɗe ƙofa.

Mahaifinta ne ya shigo, direban Adaidaita, wanda kullum yake kawo ta daga Tarauni.

"Ranar Litinin kin yar da irin takardar nan a babur ɗina," ya ce, ko kallon ta bai yi ba. "Na kai an karanta mini."

"Baba, ni? 'Yarka?"

"Ke fa. Wanda ya rubuta allurar da ta kashe mahaifiyarki, shi ma takardar shaida gare shi. Ban yi shekara biyar ina gasuwa a rana don ki maida 'yar wani marainiya ba."