Mai Ƙafa Uku na Ladywood

Khairat ta sake zuba turaren wuta a kasko, amma hancinta ya dage cewa falon warin kare yake. Ta bi kafet da injin shara har injin ya fara tari. Iyayenta sun baro Manchester tun da hantsi, kuma Umma ta kira ta ce sun kusa shigowa Birmingham.

Mai laifin na kwance a bakin kicin yana kallonta. Biskit ke nan, kare ruwan ƙasa, ƙafa uku, kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya yi ritaya. Watan jiya ta ga hotonsa a intanet, a wani gidan karnuka marasa gata da ke bayan garin Manchester. Mota ce ta cinye masa ƙafar gaba. Ya daɗe a can, kowa ya zo sai ya ce wayyo, sannan ya ɗauki mai ƙafa huɗu ya tafi. Ita kuwa ta hau jirgin ƙasa ta je ta ɗauko shi, ko gidansu ba ta leƙa ba.

Ma'aikaciyar wurin ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce da alama hatsarin ya taɓa masa ji, don duk wanda ya ba shi umarni kallon banza yake samu. Ta ce masu sa kai da ke fita da shi yawo za su yi kewarsa. Haka kuwa Khairat ta same shi. Ta yi ta "sit" da "come" har murya ta dishe, Biskit ko gezau. Sai dai kare ne mai tarbiyya: da ta shimfiɗa sallaya zai ja jiki gefe ya kwanta, ba tare da an ce masa komai ba. In kuwa ta buɗe ledar kilishi, a nan za ka san ƙafa uku ma gudu take.

Kafin zuwansa, in ta dawo daga aiki bango kawai take gaisarwa a wannan flat na unguwar Ladywood. Yanzu akwai mai jiranta a bakin ƙofa. Tana ƙaunarsa, kuma ba ta jin kunyar faɗa, in dai ba da Hausa ba.

Matsalar ita ce Abba. Alhaji Bara'u, akanta mai ritaya, dattijon masallacin unguwar Longsight da ke Manchester, mutumin da in ya hango kare a Stockport Road sai ya tsallaka titi. Shi ne ya taɓa mayar da walimar suna majalisin wa'azi don an ga hoton ɗan wani rungume da kare. Ranar ya tuna wa jama'a cewa lasa ɗaya wanki bakwai ne, ɗaya da ƙasa, sannan ya rantse a gaban kowa: duk ɗansa da ya ajiye kare, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidansa ba. Alhaji kuwa ba ya rantsuwar wasa.

Ga shi kuma ba shi da lafiya. Umma, wato Hajiya Raki, ta zayyana mata a waya.

"Abbanki ya daina cin abinci. Tattakin nan da likita ya sa shi, wanda yake ɗoki kamar zuwa Umara, ya daina. Da fa in ya dawo da kansa yake wanke kayansa, mutumin da bai san ta ina ake buɗe injin wanki ba. Ga buhun ƙasar shuka a but ɗin mota, ko albasa bai taɓa dasawa ba. Tsufa ne, Khairat. Bari in kawo miki shi ya sha iska."

Maƙwabciyar da ta yi alkawarin riƙe Biskit an kira ta aiki da safe. Dabara ta ƙare. Khairat ta tura shi banɗaki, ta ba shi ƙashi, ta kunna masa rediyo, ta roƙe shi don girman Allah, ta ja ƙofa.

Da suka iso ta dubi Abba. Ya rame, farar rigarsa ta yi masa yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka da murya kamar ta aro. Ta kawo shinkafa da miya, ya ɗan tsakura ya ture. Umma tana ta yabon ƙamshin gidan. Daga banɗaki ba a jin komai sai mai karanta hasashen yanayi, har Khairat ta fara zaton ta sha.

Ta lissafa gashi, ta lissafa wari, ta lissafa haushi. Abin da ta manta shi ne ba a taɓa yin dattijon Bahaushen da ya sauka daga tafiya bai nemi ruwan alwala ba. Banɗakin kuma ɗaya ne.

Abba ya duba agogo, ya naɗe hannun riga, ya miƙe.

"Abba, tsaya, famfon ya lalace, bari in kawo maka buta."

Ina, ya riga ya murɗa ƙofar.

Biskit ya fito kamar an harbo shi. Ya daka tsalle da ƙafarsa ɗaya ta gaba ya dafe farar rigar, ya bi gemun Alhaji da lasa, yana wani kuka da Khairat ba ta taɓa ji ba. Umma ta haye kujera tana salati. Khairat ta runtse ido. Ta san yanzu za a ce ta zaɓa tsakanin ubanta da karenta, kuma ta san ko wanne ta zaɓa sai ta yi kuka.

"Adaidaita, zauna."

Muryar Abba ce. Ta buɗe ido. Kurman kare ya zauna daram, wutsiya na share tayil. Alhaji Bara'u ya zube a gabansa ya rungume wuyansa, hawaye na bin gemun da aka gama lashewa, sannan ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Ashe ke ce matar Birmingham ɗin da aka ce ta ɗauke min shi."