Abincin Ragunan Baba Gide

Dokta Hamida, likitar dabbobi, ta sake ɗora ragon a sikeli, nauyinsa na nan yadda yake. Wata uku ke nan tana kawo wa Baba Gide na Mairuwa buhunan abincin da ta haɗa don bincikenta: dusar masara, tunkuza da gishiri. Ragunan sauran ƙauyuka sun yi ɓul-ɓul, nasa kuwa har haƙarƙarinsu ake ƙirgawa.

Ranta ya ɓaci. "Baba, faɗa mini gaskiya. Kasuwar Sheme kake kai buhunan nan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Wallahi ko tiya ban sayar ba, ɗiyata. Zauna ki taɓa abinci."

Matarsa ta ajiye kwanon fate. Saboda kara Hamida ta kai ludayi baki, sai hannunta ya tsaya cak. Ta san wannan ƙanshin. Da hannunta ta auna haɗin.

"Bana 'yan bindiga ba su bari mun shiga gona ba," in ji Baba Gide a hankali. "Rubuta a takardarki, Likita, haɗinki ya yi kyau. Mu tara ne a gidan nan, har yau ba wanda ya mutu."