Muryar Hindatu

Ranar da kamfanin da ke haɗa wa gwamnati na'urori ya ɗauki Hindatu aiki, ya naɗi muryarta. Tun daga nan da muryar tata na'ura ke kiran jama'a a waya.

Wata rana da azahar ta laɓe bayan ofis ta kira mahaifiyarta.

"Umma, ni ce."

"Ke ce, ko waccan?"

"Wallahi ni ce. Ta kira ki ne?"

"Jiya. Wai za a rushe layinmu." Umma ta nisa. "Amma tana gaishe ni a nutse, ba irin gaisuwarki ta tsaitsaye ba. Har ciwon gwiwata ta tambaya."

"Wane ciwon gwiwa, Umma?"

"Ai ita na faɗa wa. Ita ke nemana."