Kaset Ɗin Hajja Fanta

"Zauna, Hajja, yau za ki ji muryarki kamar jiya kika rera," in ji Mika'ilu mai gyaran rediyo.

Hajja Fanta ta zauna a bencin shagon. Ita ce macen farko a unguwar Briqueterie da aka ɗauki waƙarta a faifai, yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Yanzu ko a kasuwar Mokolo ba mai waiwayarta. Ɗaki ɗaya gare ta, sai kaset ɗaya da aka juye daga faifan, shi ne abokin hirarta kullum bayan la'asar. Da ya fara shaƙewa ta kawo wa Mika'ilu.

"Da ƙyar na kwashe waƙar a kwamfuta kafin rediyo ya taune zaren kaset ɗin," ya ce. "Kwana uku ina tace ta. Duk wata ƙara na cire."

Ya kunna. Muryar ta fito tas. Hajja ta karkata kunne tana jira. Baiti na uku ya zo, ya wuce.

"Maimaita."

Ya maimaita.

"Ɗan nan, ina kukan?"

"Na jaririn da ya ɓata wurin? Ai shi ya fi ba ni wahala. Na goge shi, har kwafin farkon."

Ta daɗe tana kallon zaren da ya cukurkuɗe a kwandon shara.

"Yana goye a bayana ranar da aka ɗauki waƙar. Ubaidu. Bai kai yaye ba ya rasu, ban kuma sake haihuwa ba. Kai zatonka waƙar nake saurara duk shekarun nan?"